Sharhi kan gwajin 16Personalities: abin da yake aunawa da abin da ya fi ƙarfinsa

Duk mai yawan leƙa shafukan sada zumunta ya taɓa cin karo da wasu haruffa huɗu ko biyar da matasa suke liƙawa a ƙarƙashin sunayensu, irin su INFJ, ENTP ko ISFJ-T, kuma da yawa daga cikin masu haruffan wuri guda suka samo su, wato shafin 16Personalities na kamfanin NERIS Analytics da ke Birtaniya. Gwajin hali ne da ake yi kyauta a waya ko a kwamfuta, ba ya cin fiye da minti goma zuwa sha biyar, kuma da zarar an gama sai ya ba mutum suna da hoto da dogon bayani a kan ko shi wane ne. Na duba shi ne da irin ma'aunin da masana halayyar ɗan'adam suke ɗora kowane gwaji a kai kafin su yarda da shi, kuma abin da na gani shi ne cewa akwai awo na gaskiya a cikinsa, sai dai ɓangaren da jama'a suka fi ɗauka suna yawo da shi, wato haruffan nan, shi ne ɓangare mafi rauni a cikin kayan baki ɗaya.

Tsarin gwajin mai sauƙi ne, kuma a nan dole a yaba wa waɗanda suka ƙera shi. Jimloli 60 ne ake gabatar wa mutum, kowace tana faɗin wani abu game da shi, alal misali cewa yakan yi sababbin abokai a kai a kai, ko cewa yakan kasance cikin natsuwa ko da matsi ya yi yawa, ko cewa ya fi son ya gama aikin da ke gabansa kafin ya huta. A ƙarƙashin kowace jimla akwai ƙawanya bakwai a jere, manya a gefe da gefe, suna raguwa har zuwa ƙarama a tsakiya, kore a ɓangaren amincewa, shuɗi mai ja-ja a ɓangaren ƙin amincewa, sai mutum ya taɓa wadda ta yi daidai da yadda yake ji. Wannan salo na ba da amsa hawa-hawa ba sabo ba ne, domin Rensis Likert ya fito da shi tun 1932, kuma ya fi tambayar e ko a'a kama gaskiyar yadda mutane suke, tunda ba kowane abu ne mutum yake yarda da shi ɗungurungum ko ya ƙi shi ɗungurungum ba. Shafin yana buɗewa da sauri ko da intanet ba shi da ƙarfi sosai, rubutun yana fita sarai a ƙaramar waya, kuma ana iya amsa shi da Turanci ko Faransanci ko Larabci da wasu harsuna da dama.

Sakamakon yana zuwa ne a kan ma'aunai biyar. Na farko yana duba ko mutum ya fi karkata ga cuɗanya da jama'a ko ga kaɗaici, na biyu ko ya fi bin hasashe da tunanin abin da zai iya yiwuwa ko ya fi tsayawa kan abin da ido ya gani, na uku ko hujjar hankali ce ta fi rinjayar shawararsa ko jin zuciya da la'akari da mutane, na huɗu ko mai son tsari da kammala abu ne ko mai barin ƙofa a buɗe, na biyar kuma ko mai kwanciyar rai ne ko mai yawan damuwa da sake auna kansa. Kowane ma'auni ana nuna shi da sanda mai launi da kaso cikin ɗari. Daga nan sai a ɗauki ɓangaren da ya rinjaya a kowane ɗaya a mai da shi harafi, a haɗa huɗun farko su ba da ɗaya daga cikin nau'o'i 16, a maƙala A (mai kwanciyar rai) ko T (mai yawan damuwa) a ƙarshe, a kuma raɗa wa nau'in suna mai daɗin ji, kamar mai sulhu, mai karewa, kwamanda ko mai zanen gini, tare da ɗan zanen mutum sanye da kayan da suka dace da sunan.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa gwajin Myers-Briggs ne suka yi, alhali ba shi ba ne, kuma shafin da kansa bai ɓoye hakan ba ga wanda ya daure ya karanta bayanin tsarinsa. Asalin haruffan dai daga can suke. Katharine Cook Briggs da 'yarta Isabel Briggs Myers ne suka gina nasu gwajin a shekarun 1940, bisa ra'ayoyin da Carl Jung ya wallafa a 1921 game da nau'o'in mutane, kuma babu ɗaya daga cikin matan biyu da ta yi karatun ilimin halayya a jami'a. Shi 16Personalities ya ari haruffan ne kawai saboda jama'a sun saba da su, amma cikinsa ya fi kusa da tsarin manyan halaye biyar da mafi yawan masu bincike suke aiki da shi a yau, wanda Paul Costa da Robert McCrae suka shahara da aunawa, wato son cuɗanya, son sababbin abubuwa, haƙuri da mutane, riƙon amana da tsari, da saurin damuwa. Su biyun sun nuna tun 1989 cewa ma'aunai huɗu na Myers-Briggs suna da dangantaka da huɗu daga cikin manyan halaye biyar ɗin, kuma abin da Myers-Briggs ya rasa shi ne ma'aunin saurin damuwa da tashin hankali. Wannan giɓi ne harafin A ko T ya zo ya cike. A ganina ƙarin ya inganta kayan ƙwarai, domin bayanin halin mutum wanda bai taɓo yadda yake ɗaukar damuwa ba ya bar babban yanki a waje.

Tambaya ta farko da ake yi wa kowane gwaji ita ce ko sakamakonsa yana tsayawa wuri ɗaya. Hanyoyi biyu aka fi bi wajen gano haka. Ana duba ko jimlolin da aka ce abu ɗaya suke aunawa suna tafiya tare, ta yadda wanda ya amince da ɗaya zai fi karkata ga amincewa da 'yan'uwanta, kuma ana lissafa wannan da wani adadi da Lee Cronbach ya gabatar a 1951, wanda iyakarsa 1, kuma bisa al'ada ana son ya kai 0.70 ko ya haura. Sannan ana sake ba mutanen nan gwajin bayan makonni ko watanni a ga ko makinsu ya yi kusa da na farko. Kamfanin ya wallafa nasa alkaluman a shafinsa, kuma sun haura 0.70 a ma'aunan biyar, abin da ke nuna cewa sandunan nan masu kaso cikin ɗari ba shaci-faɗi ba ne. Mai karatu dai ya riƙa tunawa cewa mai kaya ne ya auna kayansa, kuma shaidar da ta fi nauyi a wannan fanni ita ce wadda masu bincike na waje suka tabbatar a mujallun ilimi bayan takwarorinsu sun tace ta.

Matsalar tana farawa ne a daidai lokacin da aka mai da kaso zuwa harafi. A ɗauki mutum biyu, ɗaya ya sami kashi 52 a ɓangaren son cuɗanya, ɗayan ya sami kashi 48. A zahiri waɗannan mutane kusan ɗaya suke, kuma bambancin da ke tsakaninsu bai wuce wanda amsa ɗaya ko biyu za su iya haifarwa ba, amma gwajin zai ba na farko harafin E, na biyu harafin I, ya raba su gida biyu, kowa da sunansa da bayaninsa. Shi kuma mai kashi 52 ɗin za a haɗa shi ɗaki ɗaya da mai kashi 95, wanda ba su yi kama ba ko kaɗan. Da a ce mutane sun kasu biyu ne a fili, wasu can ƙarshen dama wasu can ƙarshen hagu, da yankan bai yi ɓarna ba, amma abin da bincike ya yi ta nunawa shi ne cewa a kan irin waɗannan halaye yawancin jama'a a tsakiya suke cunkushe, wato daidai inda wuƙar take sauka. Kowane maki kuma yana ɗauke da kuskuren awo, wanda gajiya ko ɓacin rai ko rashin fahimtar jimla ɗaya suke iya kawowa, shi ya sa ƙwararru idan za su ba da sakamako sukan ce makin mutum yana tsakanin kaza da kaza, ba su tsaya kan lamba ɗaya ba. Tunda haruffa huɗu ne suke yin nau'i, ɗaya kawai ya isa ya juya sunan ya canza. A kan gwajin Myers-Briggs na asali, wanda shi ma haka yake yanka, David Pittenger ya ja hankali a 1993 cewa har kusan rabin waɗanda aka sake gwadawa bayan mako biyar kacal sukan fito da wani nau'i daban. Don haka wanda ya yi 16Personalities yau ya fito INFJ, wata mai zuwa ya fito INFP, bai canza hali ba, yana zaune ne kusa da layin da aka ja.

Tsayuwar sakamako kuma ba ita ce inganci ba. Sikelin mai nama da aka taɓa cikinsa zai iya nuna kilo ɗaya a kan nama iri ɗaya sau goma a jere ba tare da ya saɓa ba, alhali naman bai cika kilo ba. Inganci shi ne a tabbatar gwajin yana auna abin da ya ce yana aunawa, kuma makinsa yana hasashen wani abu a rayuwa ta zahiri. Hujjar da masu son wannan gwaji suka fi kawowa ita ce, wallahi kamar ya san ni, kuma wannan ita ce hujjar da masana suka fi yi wa kallon tuhuma. A 1948 wani malamin jami'a a Amurka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa 39 gwajin hali, bayan mako guda ya miƙa wa kowa takarda da sunansa a kai ya ce sakamakonsa ne, ya nemi su ba bayanin maki daga 0 zuwa 5 gwargwadon yadda ya dace da su. Matsakaicin makin da suka bayar ya kai kusan 4.3. Sai daga baya ya bayyana musu cewa takarda iri ɗaya ya raba wa kowa, kuma jimlolin ya tsinto su ne daga wani littafin duban taurari da ya saya a wurin mai sayar da jarida. Jimloli ne irin su cewa kana son mutane su so ka, kana yawan zargin kanka, kana da baiwar da ba ka gama amfani da ita ba. Ba ina cewa bayanan 16Personalities duka irin wannan ba ne, domin bayanin kwamanda ya sha bamban da na mai sulhu, kuma an rubuta su da gwaninta. Amma wanda ya karanta da idon basira zai lura cewa babu nau'in da aka ce masa malalaci ne ko mai son kai ko maƙaryaci. Ko sashen da ke lissafa rauni a wasu wurare an lulluɓe shi da yabo, a ce mutum yana da tausayi fiye da kima ko yana ɗora wa kansa nauyi da yawa, kuma wa zai ƙi a gaya masa cewa aibinsa shi ne yawan kirki?

Akwai kuma iyakar da duk gwajin da mutum yake ba da labarin kansa yake da ita, tun daga takardar tambayoyin da Robert Woodworth ya tsara domin tantance sojojin Amurka a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Abin da ka gaya wa gwajin shi zai tattara ya mayar maka. Wanda yake ganin kansa mai haƙuri alhali iyalinsa sun san ba haka ba ne, sakamakonsa zai fito da mai haƙuri. Gwaje-gwajen asibiti sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa MMPI, wanda Starke Hathaway da Charnley McKinley suka fitar a Jami'ar Minnesota a farkon shekarun 1940, kuma bugunsa na biyu yake da jimloli 567, ya ƙunshi ma'aunai na musamman da ke gano mai ƙoƙarin wanke kansa, da mai ƙara wa ciwonsa gishiri, da mai amsawa barkatai ba tare da ya karanta ba. A sakamakon da 16Personalities yake nuna wa mai amsawa babu irin wannan gargaɗi, sai dai shawarar da ake bayarwa tun farko cewa mutum ya amsa da gaskiya.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne batun waɗanda aka gina gwajin a kansu. Maki shi kaɗai ba ya nufin komai sai an kwatanta shi da na wasu, kuma ƙa'idar aikin ita ce a tara jama'a masu yawa da suke wakiltar al'ummar da za a yi wa gwajin, a auna su, a san inda tsakiya take, kamar yadda gwaje-gwajen basira na Wechsler suke ɗora matsakaici a kan 100. Jimlolin kansu ma suna ɗauke da rayuwar inda aka rubuta su. A cikin waɗanda gwajin ya yi amfani da su akwai mai tambayar ko mutum yana jin daɗin zuwa gidajen adana zane-zane, da mai tambayar ko yana iya tunkarar baƙon da ya burge shi ya fara jan sa da hira. A ɗauki budurwar da ta tashi a gidan da aka hore ta da kunya da kawaici, wadda ba za ta tari baƙon namiji da magana ba, ba za ta ɗaga murya gaban surukai ko manya ba, amma a cikin ƙawayenta ranar kamu ita ce mai baki, ita ce mai haɗa kowa. Idan ta amsa da gaskiya za ta ƙi amincewa da jimlar, gwajin kuma ya lissafa mata shi a matsayin son kaɗaici, alhali tarbiyya ya auna. Haka magidancin da bai taɓa zama garin da ke da gidan zane-zane ba, amma ya haddace waƙoƙi rututu kuma yana iya kwana yana muhawara kan ma'anar baiti ɗaya, jimlar ba ta ba shi hanyar nuna wannan ba.

Wannan ba zato ba ne kawai. A 2013 Michael Gurven da abokan aikinsa sun gwada tsarin manyan halaye biyar a kan mutanen Tsimane, manoma da mafarauta a dajin Bolibiya, suka tarar halayen ba su rabu biyar kamar yadda suke rabuwa a tsakanin ɗaliban jami'o'in Turai da Amurka ba, abin da ya fi fitowa fili guda biyu ne, kyautata wa jama'a da himmar aiki. Wani bincike da aka wallafa a 2019, wanda ya tattara bayanai daga ƙasashe 23 masu ƙaramin ƙarfi da matsakaicin ƙarfi, ya nuna cewa tambayoyin da aka saba amfani da su ba sa auna halayen yadda ya kamata a binciken da ake yi baki da baki a irin waɗannan wurare, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne ɗabi'ar amsa e ga duk abin da mai tambaya ya faɗa. Wanda ya yi karatun boko mai zurfi kuma yake amsawa shi kaɗai a wayarsa bai faɗa cikin wannan sosai ba, amma wanda yake amsawa da harshensa na biyu ko na uku yana fassara kowace jimla a zuci kafin ya taɓa ƙawanya, kuma kowace fassara ƙofa ce ta ƙarin kuskure.

Saboda haka amfanin da zan yarda a yi da shi taƙaitacce ne, ko da yake ba ƙarami ba ne. Yana ba matashi kalmomin da zai yi tunani a kan kansa da su, yana buɗe hira tsakanin abokai ko ma'aurata a kan abin da ya sa ɗaya yake son shiri tun da wuri ɗayan kuma sai lokaci ya ƙure, kuma yana koya wa mutum cewa wanda ya saɓa masa a ɗabi'a ba lallai ne yana yi da gangan ba. Wanda zai yi shi ya fi kyau ya dubi sandunan ya bar sunan, ya kuma ɗauki duk makin da ya faɗo tsakanin 40 da 60 a matsayin cewa yana tsakiya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yanke hukunci mai nauyi a kansa. Sassan shafin da ke magana kan soyayya da sana'a suna da daɗin karatu, amma ba dalili ba ne na fasa neman aure don haruffa ba su dace ba, ko na barin karatun likita don an ce nau'inka na masu fasaha ne. Ko kamfanin da ke da gwajin Myers-Briggs na asali ya sha faɗa cewa bai halatta a yi amfani da nasa wajen ɗaukar ma'aikata ba. A cikin manyan halaye biyar, wanda aka fi samun yana da alaƙa da ƙwazon aiki shi ne riƙon amana da tsari, kuma babban nazarin da Murray Barrick da Michael Mount suka yi a 1991 ya sami alaƙar a wajen 0.2 ne kawai a ma'aunin da iyakarsa 1, wato akwai ta amma ba ta isa a ɗora makomar mutum a kanta ba.

Harafin T ne ya fi buƙatar a yi hattara da shi. Wanda ya kwana biyu ba ya barci, abinci ya fita ransa, ya daina jin daɗin abin da ya saba so, zai iya yin gwajin ya ga an ce shi mai yawan damuwa ne, ya ɗauka halittarsa ce haka, ya zauna da ciwon da ake warkarwa. Gwajin hali ba ya gano cuta, kuma bai yi iƙirarin haka ba. Tantancewa ta gaskiya aiki ne da ƙwararre yake yi ido da ido: ya zauna da mutum ya ji tarihinsa, ya lura da yanayinsa da maganarsa, sau da yawa ya ji ta bakin iyali, ya zaɓi gwajin da ya dace da tambayar da ake son amsawa, sannan ya haɗa duka ya fassara. Ko gajerun tambayoyin da asibitoci suke amfani da su, irin PHQ-9 mai tambaya tara kan alamomin ciwon damuwa a mako biyun da suka wuce, aikinsu nuna wanda ya kamata a ƙara dubawa ne, ba yanke hukunci ba. Mai irin wannan hali wurinsa sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ne, kamar na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri.

Game da kuɗi, gwajin da babban bayanin nau'i kyauta ne, sai dai shafin yana tayin aika sakamako ta imel, yana kuma tallata ƙarin bayanai da darussa na saye. Ban ga dalilin da zai sa mai karatu na yau da kullum ya biya ba, tunda duk abin da aka ƙara a kan haruffan nan aka gina shi, kuma ƙarin shafuka ba ya gyara yankan da aka yi a tsakiya. Wanda yake son awo da ya fi kusa da abin da masu bincike suke amfani da shi zai iya neman IPIP-NEO, wanda aka gina daga rumbun jimlolin da Lewis Goldberg ya buɗe wa kowa kyauta, yana da gajere mai jimla 120 da dogo mai 300. Ba shi da zane mai kyau, ba ya raɗa wa kowa suna, kuma zai iya gaya wa mutum kai tsaye cewa makinsa a kan tsari ko a kan haƙuri da mutane yana ƙasa da na yawancin waɗanda aka kwatanta shi da su, waɗanda su ma galibinsu masu amsawa da Turanci ne a intanet.